Mako Ukun da Mai Kwaɗi Ya Jira

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana kiwon kwaɗi, kuma aiki ne na gaske, da katin shaida a wuya da hutun shekara. A unguwarmu ba kowa ya san sunansa ba. Yaro da babba Mai Kwaɗi suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a har da ɗaga hannu.

Ɗakin aikinsa yana can ƙarshen wani dogon baranda a sashen nazarin halittu na jami'a, sai ka sauka matakala uku. Kafin ka ga ƙofar za ka ji warin jiƙaƙƙen siminti da na dafaffen ganye. A ciki akwai akwatunan gilashi arba'in a jere kan kantocin ƙarfe, kowanne da ɗan bututu yana hura kumfa a ruwa, ɗakin duka yana wani gurnani a hankali kamar na kyanwa mai barci. Taga ɗaya ce, can sama, daidai ƙafafun masu wucewa. Hasken da ke shigowa ta nan yakan ratsa ruwa ya koma kore-kore, ya dinga rawa a jikin bango. A lokacin ina koyarwa a wata makaranta kusa da wurin, nakan leƙa shi da rana mu zauna kan benci tare. Har yau in na rufe ido ina ganinsa cikin hasken nan, da takalmin roba har gwiwa, da farar rigar aiki wadda hannunta ya yi masa tsawo sai ya naɗe sau biyu.

Manyan kwaɗi ba su ne aikin ba. 'Ya'yansu ne, baƙaƙen nan da ba su da komai sai kai da jela. Kullum da safe yakan canja musu ruwa, ya dafa musu ganye ya murje shi da cokali, ya duba ma'aunin zafi. Sannan ya ɗauki 'yar raga ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya sa a faranti, ya duƙa da gilashin ƙara girma. Wannan ƙafar baya ta fara leƙowa. Wancan yatsu sun rabu. Wancan kuma jela ta ragu. Duk ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango da ya ja wa layuka da rula. Bai yi nisa a makaranta ba, amma ban taɓa ganin rubutu mai tsabta kamar nasa ba.

Shugabar binciken wata mata ce siririya mai saurin tafiya, kowa Dakta yake ce mata. Dokoki biyu ta kafa masa tun makon farko. Ta ɗaya: ka duba, ka rubuta, kada ka taɓa. Ya taɓa karya wannan sau ɗaya, ya ji tausayin wani ɗan kwaɗo da ya rame ya mayar da shi akwati mai ɗumi, aikin wata biyu ya lalace. Ta biyu kuwa ita ce: "Kada ka zo mini da 'ina jin' ko 'kamar dai'. Ka zo mini da rubutun mako uku, sannan mu yi magana." Dokokin nan sun shiga jininsa har suka biyo shi gida. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Umma kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta, takan ce mini, "Yayanka ɗin nan, in tukunya tana ƙonewa a gabansa, agogo zai duba ya rubuta lokacin da ta fara."

A kanta ta ƙasa akwai akwatuna huɗu masu jar takarda. Waɗanda ke ciki an zuba musu wani magani a ruwa da ya hana wani sinadari na jikinsu fitowa. Su ba sa yin ƙafa. Sai dai su yi ta girma har su kai tsawon tafin hannu, su kwanta a ƙasan ruwa, nauyi ya yi musu yawa, ko abinci sai sun ga dama. Yaya yana ce musu Manya, kuma su ya fi so. Ranar da Dakta ta ba da izini, yakan ɗauko wata 'yar kwalba daga firji ya ɗiga musu ɗigo uku. Cikin kwanaki kaɗan sai ka ga abin mamaki: ƙafa ta tsiro, baki ya buɗe, jela ta fara narkewa. Har waɗanda suka kusa shekara a kwance sukan tashi su zama kwaɗi. Ranar da na farkonsu ya hau dutsen da ke cikin akwatin ya shaƙi iska, Yaya yakan zo har makarantarmu ya gaya mini.

"Ka gani ko, ƙanena? Ba a makara. Duk ranar da ɗigon ya zo, abin yana nan yana jira."

Wata rana ina zaune a kan bencin ya tare Dakta da tambaya.

"Ranki ya daɗe, ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. Ɗigo uku na ruwa marar launi, sai ƙafa ta fito. A ina ƙafar take ɓoye?"

Ta duba agogo, ta duba shi, sai ta ja kujera. Ta ɗauki kwarkwaron zaren da yake ɗinke raga da shi.

"A ce wannan zaren rubutu ne," in ji ta. "Duk yadda za a gina kwaɗo, daga ƙafa har huhu, a rubuce yake a jikinsa. Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan kwaɗon nan tana da nata zaren tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Amma a naɗe yake tam a kan kwarkwaro. Za ka iya karanta abin da ke naɗe a ciki?"

"Ina fa."

"To a bakin wurin da aka rubuta ƙafa akwai maigadi zaune. Muddin sinadarin tayirod bai zo ba, aikinsa shi ne ya tara masu ɗaure zare su ƙara tamke shi. Ran da sinadarin ya iso ya kama hannunsa, shi dai maigadin nan ne zai sallami masu ɗaurewa ya kira masu sassautawa. Su kuma su ɗiga 'yan alamomi a jikin kwarkwaron, zare ya saki, a karanta. Ba a goge harafi ko ɗaya ba, ba a ƙara ko ɗaya ba. Wurin da aka buɗe ne kawai ya canja."

"To jelar fa? Ita ai narkewa take yi."

"Saƙon ɗaya ne, amma abin da ke jiran buɗewa a jela daban ne. A ƙafa an rubuta 'ki tsiro'. A jela an rubuta 'aikinki ya ƙare'."

Yaya ya girgiza kai. "Allah sarki, jela."

Dakta ta yi dariya, abin da ba ta cika yi ba. Ta taɓa gaban maƙogwaronta ta ce mu ma muna da abin da ke yin sinadarin a nan, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, kuma shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Ta ajiye kwarkwaron ta fice da saurinta.

Akwai wani aiki da yake yi mata sau ɗaya a shekara. In za ta yi wa ɗalibai babbar lacca a kan sinadarin, shi yake ɗaukar majigi ya zauna can baya yana canja hotuna duk lokacin da ta buga tebur da alli. Maganar da manyan kalmomin likitoci ake yin ta, ba ya kama ko rabi. Hotunan dai ya haddace. Na goma sha bakwai wani jariri ne mai kumburarriyar fuska, harshe a waje, cibiya ta turo. Shekara ashirin yana saka hoton nan yana cirewa.

Yana da saura shekara huɗu ya yi ritaya Auta ta haihu, ƙaramar 'yarsa ke nan. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi wata bai dawo ba, saboda haka ta zo gidan iyayenta da jaririyar. Gida ne mai ɗaki biyu da falo, da ɗan tsakar gida inda igiyar shanya ta ratsa daga taga zuwa bishiyar lemo. Aka share ɗakin baya aka sa musu gado.

Ban taɓa ganin jaririya mai shiru irinta ba. Barci take yi daga safe har la'asar, sai an tashe ta a ba ta nono, shi ma ta ja sau biyar ta sake lumshe ido. Matan unguwa suka yi ta zuwa suna yabo.

"Kai, Auta, kin yi sa'a. Nawa da ya zo duniya wata uku ban san barci ba."

"Wannan ai haƙuri ta gado. Dubi yadda ta yi ɓul-ɓul."

Umma ce ta fara ce mata Lumana, sunan kuma ya bi ta.

Yaya yana jin su yana murmushi. Amma shi mutum ne da ido ya riga ya saba da dubawa. Ya ga shawarar da ta sa idonta ya yi rawaya ba ta tafi ba bayan mako biyu. Ya taɓa tafin ƙafarta ya ji sanyi da tsakar rana. Ya ji kukanta, in ta yi, a dishe yake kamar na tsohuwa. Ranar da ta cika kwana ashirin da ɗaya Umma tana yi mata wanka a baho a tsakar gida, shi yana riƙe da tawul. Ya ga cibiyar ta turo, ya ga harshen ya leƙo tsakanin leɓɓa bai koma ba. Hoto na goma sha bakwai ya faɗo masa.

"Yarinyar nan," ya ce a hankali, "tana tuna mini da Manya."

"Waɗanne manya?" in ji Umma.

"Na wurin aiki. Waɗanda suke kwanciya a ƙasan ruwa."

Umma ta tsaya da soso a hannu. "Malam, jikarka kake haɗawa da kwaɗo?"

"Ba haka nake nufi ba. Akwai wani sinadari..."

"Shekara kusan talatin muna haƙuri da warin ganye a rigarka, yanzu kuma abin ya hau kai. 'Ya'ya biyar na raina a gidan nan. Kai nawa ka raina, ban da masu jela?"

Auta tana bakin ƙofa ta ji duka. Ta karɓi 'yarta a jiƙe ta shige ɗaki tana kuka, ta kwana biyu ba ta gaishe shi ba.

Washegari ya same ni a makaranta. Muka tsaya a inuwar bangon aji ya gaya mini abin da yake zargi, da abin da ya yanke. Zai sayi sabon littafi ya ja masa layuka. Zai rubuta awa nawa take barci, sau nawa take shan nono, sau nawa take bayan gida, launin idonta, ɗumin ƙafarta. In mako uku ya cika ya kai wa Dakta.

"Ba zan je mata da 'kamar dai' ba," ya ce. "Kuma ba zan sake sa Auta kuka a kan zato ba. In ma abin ne, ai da magani. Manya suna shekara a kwance, a ɗiga musu su tashi. Mako uku ba komai ba ne."

Na ce masa hakan ya yi daidai. Ina so a san wannan, don in akwai laifi ina da kaso a ciki. Maganarsa ta yi mini kama da ta mai hankali, kuma na sha ganin Manya suna tashi da idona.

Haka ya yi. Kafin ya fita aiki zai leƙa ɗakin baya kamar mai gaisuwa, ya taɓa ƙafarta, ya fito ya rubuta a bayan ƙofa. In ya dawo ya yi wa Umma tambayoyi a karkace, ita kuma ta amsa tana harararsa. Bai tsallake rana ɗaya ba.

Ranar da makon uku ya cika ya roƙe ni in raka shi, wai ko bakinsa zai sarƙe. Muka sami Dakta a ɗakin kwaɗin tana duba wani akwati. Ya miƙa mata littafin da hannu biyu. A tsaye ta karanta. Ta buɗe shafi na biyu, na uku, sai ta cire tabarau.

"Wace ce wannan?"

"Jikata ce, ranki ya daɗe."

"Yau kwananta nawa?"

"Arba'in da biyu."

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun tana ashirin da ɗaya. Na bari ne rubutun ya cika, kamar yadda kika..."

"Wayyo, Malam!" Ban taɓa jin muryarta ta yi sama haka ba. "Dokar kwaɗi ce wannan! Ɗan kwaɗo yana iya jira, shi ya sa muke aiki da shi. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta jira. Ginin ta ake yi yanzu, yau, kowace rana da wurin da ya kamata a buɗe. In ranar ta wuce sinadarin bai zo ba, ginin yana ci gaba a haka, kuma ba duka ake iya komawa a gyara ba."

Yaya ya dafa kantar ƙarfe. Bututun suna ta hura kumfarsu. Dakta ta dube shi, ta dubi littafin, muryarta ta sauka.

"Shekara ashirin kana saka mini hoton jaririn nan, ban taɓa juyowa na gaya maka abin da nake faɗa a kansa ba. Wannan laifina ne. Ɗauko mini makullin mota a jakata."

Da farar rigarta ta shiga gidan. Umma tana tsakar gida tana shanya, ta ga baƙuwa ta gane ko wace ce.

"Sannu da zuwa. Ke ce uwar kwaɗin?"

"Ni ce, Umma. Ni ba likitar mutane ba ce, kuma ina iya yin kuskure. Ɗigon jini kawai za a ɗauka a asibiti. In na yi kuskure ki zage ni a gaban kowa, na yarda. In mijinki ne da gaskiya, kowace rana tana da tsada."

Umma ta buɗe baki za ta yi magana, sai Auta ta fito daga ɗaki da yarinyar a kafaɗa, ta riga ta yafa mayafi.

"Umma, kwananta huɗu ba ta yi bayan gida ba," ta ce. "Tsoro ne ya hana ni faɗa. Baba, mu tafi."

A asibiti aka ɗauki jinin. Likitan yara, wani mai furfura da ba ya gaggawar magana, ya duba yarinyar, ya karanta littafin Yaya tun daga farko, ya ce bai taɓa samun mai jinya da ya zo masa da irin wannan ba. Yaya bai ɗago kai ba. Kwana biyu sakamako ya fito: abin da ke wuyanta bai ginu sosai ba, sinadarin da yake yi bai kai ko'ina ba. Maganin wata 'yar ƙwaya ce ƙarama, a murje ta a cokali da ɗan nono a ba ta kowace safiya, har iya rayuwarta.

Yaya ya bari su Auta suka fita, ya tsaya.

"Likita, mako ukun nan. Me ya ci?"

"Ban sani ba, Baba. Ba kuma na'urar da za ta gaya mana. Yara da yawa da aka fara wa a wannan lokaci suna tashi lafiya lau. Wasu kan yi ɗan nauyi a karatu. Sai ta zauna, ta yi tafiya, ta yi magana, ta shiga makaranta, sannan mu gani. Amma ka sani, da ba ka gani ba, da sai ta yi wata shida kafin a kawo mini ita. Na sha ganin haka."

Yaya ya yi godiya. Rabin maganar na farko kawai ya ɗauka ya tafi da shi gida.

Kafin kwana goma Lumana ta gano tana da murya. Wata safiya ina shigowa na ji ihu tun daga bakin titi, ta cika gidan, fuska ta yi ja, ƙafafu suna harbin iska. Umma tana jijjiga ta tana zagaya bishiyar lemo.

"Ga abin da yayanka ya jawo mana," ta ce mini. "Muna zaune lafiya da 'yarmu mai haƙuri." Hawaye na bin kumatunta tana dariya.

Idon ya washe, harshe ya koma, cibiya ta lafa a hankali. Kowa ya saki jiki ban da mutum ɗaya. Ta zauna a wata takwas, ya je ya tambayi matar maƙwabci nata a wata nawa ya zauna. Ta yi tafiya a wata goma sha shida, ya ce ɗan wane a sha uku ya yi. Magana ta ɗan yi mata jinkiri, ya rame a wannan shekarar har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da mahaifinta ya daina doguwar tafiya suka kama gida a layi na gaba, Yaya yakan bi ta can kowace safiya ya tsaya sai ya ga an haɗiye ƙwayar.

Ya yi ritaya tana da shekara huɗu. Ba a daɗe ba Dakta ma ta tafi, aka kwashe akwatunan gilashin, ɗakin ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Na leƙa sau ɗaya ta tagar nan ta sama, ban sake ba. Yaya kuwa bai ko tambaya ba. Aikinsa ya koma kan tabarma a ƙarƙashin bishiyar lemo, da gwangwani cike da murafen kwalba. Kullum in Lumana ta taso daga makaranta sai ta biyo ta gidan, ya zube murafen ya ce ta ƙirga, ta haɗa, ta ɗebe. Sauran yara suna wasa a waje, tana jin ihunsu. A aji tana tsakiya, ba ta gaba ba ta baya. Ko mako ukun ne ya ajiye ta a nan, ko dama nan ne wurinta, har Yaya ya bar duniya ba wanda ya iya gaya masa.

Amma akwai wata rana da nake so a tuna shi da ita. Tana da shekara bakwai. Umma ta aiko a kira ni, wai in zo in ga yayana. Na tarar da shi a tsakar gida ya sa rigar fita da takalmi, katin asibitin yarinyar a hannunsa. Lumana tana zaune kan tabarma ta sunkuyar da kai.

"Kwana uku ke nan," ya ce mini. "Komai ya goge. Wadda take haɗa sha biyu da sha tara, yau biyu da uku ta ce mini takwas. Jiya ta ce huɗu. Abin da nake tsoro ne ya zo, ƙanena. Ni na yi mata."

Na zauna kusa da ita. Na ga kafaɗunta suna motsi, na ɗauka kuka take. Na leƙa fuskarta, ashe dariya take dannewa.

"Ke, biyu da uku nawa ne?"

Ta saci kallon kakanta. "Biyar mana."

"Sha biyu da sha tara fa?"

"Talatin da ɗaya."

"Ƙarya kike."

"To, sha biyu da sha tara... talatin da ɗaya ne mana, Kawu! Ƙirga ka gani."

Na ƙirga a zuci. Ni ne na yi kuskure. Umma ta fashe da dariya daga bakin murhu, ta ce malamin makaranta ke nan.

Yaya ya matso, ya durƙusa a gabanta da ƙyar saboda gwiwa. "To me ya sa kika ce mini takwas?"

Ta turo baki. "Ai kai ne, tsoho. In na faɗa daidai sai ka ƙaro mai wuya. In na sake faɗa daidai ka ƙaro wani, har ƙawayena su Bebi su gama wasa su shiga gida. Shekaranjiya na yi kuskure da gaske, sai ka ce in tashi in huta, har ka saya mini alewa. Shi ne na ce bari in dinga yi kullum."

"Kwana uku kina yi mini wayo?"

"Da ba ka ɗauko katin asibiti ba, da har Juma'a zan kai. Ni ba na son allura."

Ya zauna daɓas a kan tabarma, murafen suka watse. Ya dube ni, ya dubi Umma, bakinsa a buɗe.

"Kun ji? Ta lura da ni. Ta gwada sau ɗaya ta ga ya yi, ta sake gwadawa." Sai dariya ta kama shi, irin wadda ban ji daga bakinsa ba tun kafin a haife ta, har ta koma tari, Umma ta kawo masa ruwa tana bubbuga bayansa tana cewa ai ga shi nan, ya sami daidai da shi.

Lumana ta tsaya tana jira ya gama. Sannan ta ce, "To yanzu in tafi?"

"Tsaya mu yi ciniki. Lissafi biyar kullum."

"Biyu."

"Huɗu."

"Biyu, kuma ban da ranar da babu makaranta."

Ya fara kwance igiyar takalminsa. "Jeki, ja'ira," ya ce. "Biyun ma na yafe."

Kafin ya cire ɗaya takalmin ta kai bakin titi, muna jin muryarta ta fi ta kowa.